Ƙwayar Masu Taɓin Hankali Da Ke Buɗe Wa Masu Ciwon Daji Cin Abinci: Lissafin Riba Da Hasara

Daga Wakilinmu na Sashen Ciniki da Tattalin Arziki

JOS — Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon daji a gida ya san cewa akwai ranar da ta fi ranar zuwa asibiti nauyi, wato ranar da aka kai wa majinyaci kwanon abinci, ya ɗaga murfi ya duba, ya mayar ya rufe. Daga wannan rana lissafin gida ke sauyawa. A unguwa irin Dilimi da ke tsakiyar birnin Jos, inda akasarin magidanta ke samun na cefane daga cinikin kayan gyaran mota da ƙira da walda da saye da sayarwa na yau da gobe, kuɗin jinya daga aljihu yake fita kai tsaye. Wani kaso mai tsoka na wannan kuɗi kuwa yana ƙarewa ne wajen neman abin da zai sa mara lafiya ya ci, kama daga kwalaben maganin ƙarin jini da na buɗe ciki, zuwa gwangwanayen madara da kayan shayi, da farfesun kaza, da jiƙe-jiƙen da 'yan dubiya ke zuwa da su. Sau da yawa duk a banza.

A shekarar 2023 ne aka sami wani sauyi a wannan fanni wanda ya kamata masu jinya da masu tsara kasafin lafiya su san da shi. A cikin wannan shekara Ƙungiyar Likitocin Ciwon Daji ta Amurka, wadda aka fi sani da ASCO, ta sake duba ƙa'idojinta cikin gaggawa, ta shawarci likitoci da su riƙa bai wa manyan mutane da ciwonsu ya yi nisa wani ɗan ƙaramin awo na maganin olanzapine sau ɗaya a rana, domin buɗe musu cin abinci da ƙara musu nauyi. Abin da ya ja hankali shi ne olanzapine tsohon maganin taɓin hankali ne, haƙƙin mallakarsa ya daɗe da ƙarewa, kuma kamfanoni da dama, musamman na ƙasar Indiya, suna yin sa a kan farashi mai rahusa. A kasuwar maganin ciwon daji, inda aka saba jin sabon magani ya fito da farashin da ya fi ƙarfin gwamnatoci balle talakawa, irin wannan labari ba kullum ake samun sa ba.

Ramar da abinci kaɗai ba ya mayarwa

Kafin a shiga batun kuɗi, wajibi ne a fahimci matsalar kanta. Ramar mai ciwon daji dabam take da ramar mai yunwa. Mai yunwa jikinsa yakan rage ƙona abin da ke cikinsa, ya fara cin kitse kafin ya taɓa tsoka, kuma da zarar ya sami abinci sai ya murmure. Mai ciwon daji kuwa, ƙarin da ke jikinsa da kuma garkuwar jikin da ke faɗa da shi suna zuba waɗansu sinadarai cikin jini, waɗanda ke isar wa ƙwaƙwalwa saƙon ƙoshi alhali cikin babu komai, a lokaci guda kuma suna sa jiki ya riƙa narkar da tsokarsa. Ga tashin zuciya da sauyin ɗanɗano da maganin kemo ke haddasawa, har mutum ya ji nama na masa ƙarni, shayi na masa ɗaci. Likitoci na kiran wannan hali kakeksiya.

A 2011 wani taron masana na ƙasa da ƙasa ya tsayar da ma'auni: duk mai ciwon daji da ya rasa fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a cikin wata shida ba da niyya ba, ya shiga wannan hali. Ga mutum mai kilo 60, kilo uku ke nan kacal, abin da iyali ba su cika lura da shi ba sai wando ya fara zamewa. Ƙiyasin da masana suka fi ambata shi ne rabi zuwa kashi 80 cikin 100 na waɗanda ciwonsu ya yi nisa suna fama da ita, kuma ana danganta kusan mutuwa ɗaya cikin biyar ta masu ciwon daji da wannan rama.

A nan gida lamarin ya fi tsanani saboda dalili guda, wato akasarin marasa lafiya ba su isa asibiti sai ciwon ya ci jiki. Alƙaluman cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya sun ƙiyasta cewa a 2022 an sami sababbin masu ciwon kimanin 127,000 a Nijeriya, kuma kimanin 79,000 sun rasu. Idan aka haɗa waɗannan alƙaluma da batun makara wajen zuwa asibiti, za a ga cewa dubban gidaje ne kowace shekara ke zaune gaban kwanon da aka ƙi taɓawa. Abin yakan zama rigima a cikin gida ma. 'Ya'ya na roƙo, "Baba, daure ka ci ko loma biyu ce," uwargida na ganin an raina girkinta, majinyaci kuma na jin an takura masa a kan abin da ba shi da iko da shi. Wani lokaci har a fara zargin sammu.

Ta fuskar tattalin arziki, illar ramar ta wuce kuɗin madara da kaji. Ana auna maganin kemo ne bisa nauyi da tsawon mara lafiya, kuma kafin kowane zagaye likita yakan duba jininsa da ƙarfin jikinsa. Wanda ya rame ƙwarai maganin ya fi jigata shi, sai a rage masa awo, ko a ɗage ranar, ko a dakatar gaba ɗaya. Iyalin da suka sayar da fili ko suka karya jarin shago suka biya zagaye uku cikin shida, idan aka tsaya a nan, amfanin da suka sa rai da shi ya ragu sosai, kuɗin kuwa ya riga ya tafi. Haka nan kuɗin mota da masauki ga waɗanda aka tura wani gari, domin shekara da shekaru masu buƙatar gashin ciwon daji daga Filato suna yin tattaki zuwa Zariya ko Abuja. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos cikin asibitoci shida da ta ce za ta kafa wa cibiyoyin ciwon daji na zamani, kuma a 2025 aka buɗe na Katsina da Enugu da Benin. To amma kowace irin na'ura aka girka, sai mara lafiya yana da jikin da zai ɗauki magani.

Daga aibi zuwa amfani

Tarihin olanzapine shi kansa darasi ne a harkar ciniki. Kamfanin Eli Lilly na Amurka ne ya fito da shi da sunan Zyprexa, kuma hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta amince da shi a 1996 domin masu nau'in taɓin hankalin da ake kira sikizofireniya, daga baya aka ƙara da masu larurar hauhawa da faɗuwar yanayin zuciya. Ya zama ɗaya daga cikin magungunan da suka fi kawo kuɗi a duniya, inda cinikinsa ya kai kimanin dala biliyan biyar a shekarar 2010 kaɗai. Sai dai tun da wuri aka lura da babban aibinsa: masu shan sa suna cin abinci ba ƙaƙƙautawa, suna yin ƙiba, waɗansu kuma sukarin jininsu na hawa. Dubban mutane suka kai ƙara, kamfanin ya biya fiye da dala biliyan ɗaya domin sasantawa da su. A 2009 kuma ya amince ya biya dala biliyan 1.4 da ɗoriya bisa laifin tallata maganin ga larurorin da ba a ba shi izini a kansu ba. A 2011 haƙƙin mallakarsa ya ƙare a Amurka, wasu kamfanoni suka shigo da nasu, farashi ya faɗi warwas.

Wannan aibi da ya ci wa kamfanin kuɗi shi ne likitocin ciwon daji suka juya ya zama amfani. Maganin yana toshe waɗansu kafofin saƙo a ƙwaƙwalwa, na sinadaran dofamin da serotonin da histamin. Waɗansu daga cikin kafofin nan su ne ke kawo jin ƙoshi, waɗansu kuma su ne ke tayar da zuciya. Ta hanyar amai ma ya fara shiga ɗakunan masu ciwon daji. Wani gwaji da aka yi a Amurka kan mutum 380, wanda aka buga sakamakonsa a 2016, ya nuna cewa kashi 74 cikin 100 na waɗanda aka haɗa musu da olanzapine ba su ji tashin zuciya ba a kwana na farko bayan kemo mai ƙarfi, alhali a ɗaya rukunin kashi 45 ne. Matsalar ita ce awon da aka yi amfani da shi, miligiram 10, yana sa barci mai nauyi. Daga nan masu bincike a Japan suka gwada miligiram 5, na asibitin Tata da ke Mumbai kuma suka nuna a 2024 cewa miligiram 2.5 na yin aikin hana amai daidai gwargwado, da ƙarancin barci.

Gwajin da ya sa aka sauya ƙa'ida a kan batun cin abinci an yi shi ne a cibiyar koyar da aikin likita ta JIPMER, mallakar gwamnatin Indiya, da ke birnin Puducherry a kudancin ƙasar. An ɗauki mutum 124 masu ciwon daji na tumbi, ko na huhu, ko na hanta da madaciya da abin da ke maƙwabtaka da su, dukkansu ciwon ya yi nisa kuma suna shirin fara kemo. Aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rukuni ɗaya ana ba su olanzapine miligiram 2.5 kullum har mako 12, ɗaya rukunin kuma ana ba su ƙwaya mai kama da ita wadda babu magani a ciki, ba tare da majinyaci ko likitansa ya san wadda ake ba shi ba. Dukkan rukunan biyu an ba su shawarar abinci iri ɗaya.

Da aka kammala, an iya tantance sakamakon mutum 112. A cikin 58 da suka sha olanzapine, 35 sun ƙara fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinsu, wato kashi 60 cikin 100. A cikin 54 na ɗaya rukunin, mutum biyar ne kawai suka yi haka, wato kashi 9 cikin 100. Waɗanda suka ce cin abincinsu ya inganta sun kai kashi 43 cikin 100, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 13. Sannan ga abin da a ganin wannan wakili ya fi muhimmanci ga mai biyan kuɗi: munanan illolin kemo sun sami kashi 12 cikin 100 na masu shan maganin, yayin da suka sami kashi 37 na waɗanda ba su sha ba. Kowace mummunar illa a asibitinmu tana nufin kwanciya, da kuɗin gado, da ƙarin ruwa, wani lokaci da ƙarin jini, da kuma mai jinya da ya rufe shagonsa ya tare a asibiti. An buga sakamakon a mujallar Journal of Clinical Oncology a 2023, kuma cikin 'yan watanni ASCO ta sauya matsayinta, ita da a 2020 ta ce babu wani magani da ke da isasshiyar hujjar da za ta sa ta ba da shawarar amfani da shi ga kowa.

Lissafin ƙwayoyi

Mako 12 kwana 84 ne. Miligiram 2.5 sau 84 ya ba da miligiram 210. Wannan daidai yake da ƙwaya 42 masu miligiram 5, ko kuma abin da mai taɓin hankali da ke shan miligiram 10 a rana zai shanye cikin mako uku. Ma'ana, maganin wata uku na mai ciwon daji bai kai na wata ɗaya na wanda aka yi maganin dominsa tun asali ba. Ko da farashin magunguna ya tashi, kuma ya tashi ƙwarai tun daga watan Yunin 2023 da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, dala ta tashi daga kimanin Naira 460 har ta haura 1,500 a farkon 2024, wannan adadi na ƙwayoyi ƙaramin abu ne idan aka jera shi da kuɗin zagaye ɗaya na kemo.

Ya kamata a kwatanta shi da abokan gasarsa. Na farko shi ne megestrol, wani maganin sinadarin mata da aka daɗe ana amfani da shi wajen buɗe ciki. Yana aiki, amma ya fi tsada, ba a kowane kantin magani ake samun sa ba, kuma yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya, abin da mai ciwon daji yake cikin haɗarinsa tun farko. Na biyu shi ne dexamethasone, wanda yake da arha ainun kuma yana buɗe ciki da sauri, sai dai amfaninsa na 'yan makonni ne, idan aka daɗe a kansa kuma yana raunana tsoka da garkuwar jiki, yana tayar da sukari. Shi ya sa likitoci suka fi ajiye shi ga waɗanda kwanansu ya ƙarato.

Na uku shi ne wanda ya fi kowanne kasuwa a unguwanninmu, wato cyproheptadine, sinadarin da ke cikin yawancin kwalaben buɗe ciki da ake gani a kantocin kemis, wanda kuma tare da dexamethasone yake cikin ƙwayoyin ƙiba da 'yan mata ke kira sha-ka-fashe. An gwada shi a kan masu ciwon daji a Amurka tun 1990, aka tarar yana ɗan motsa sha'awar abinci amma bai hana rama ba. Shekara talatin da ɗoriya ke nan da sanin haka, duk da haka shi ne abin da iyalai ke fara saye, kwalba bayan kwalba, domin shi ne ake tallatawa kuma shi ne mai kanti zai miƙo idan aka ce masa mara lafiya ba ya cin abinci.

A ɗaya gefen kuma akwai sababbin magunguna na manyan kamfanoni. Japan ta amince da anamorelin a 2021, bayan hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ƙi shi a 2017. Kamfanin Pfizer ya fitar da sakamako mai ƙarfafa gwiwa a 2024 kan wata allura mai suna ponsegromab, wadda ke tare ɗaya daga cikin sinadaran da ke kashe sha'awar abinci. Irin waɗannan suna ƙarƙashin haƙƙin mallaka, kuma duk wanda ya san yadda ake sa wa sababbin magungunan ciwon daji farashi ya san ba da mai sayar da taya a Dilimi ake lissafin ba.

A nan ne masanin tattalin arziki zai ga wata tawaya ta kasuwa. Maganin da haƙƙinsa ya ƙare ba shi da uban gida. Babu kamfanin da zai kashe miliyoyin daloli ya gwada shi a kan sabuwar larura, ko ya nemi hukuma ta rubuta wannan larura a takardarsa, domin ribar da za ta biyo baya kowa ne zai ci. Babu wakilin kamfani da zai bi likitoci ofis-ofis yana tunatar da su. Ba mamaki ke nan da gwajin ya fito daga asibitin gwamnati a ƙasar da ita ma talakawanta daga aljihu suke biya. Sakamakon haka, labarin magani mai arha yana tafiyar hawainiya, na mai tsada kuwa yana zuwa da kalanda da alƙalami da taron cin abinci a otal. Aikin yaɗa irin wannan sani ya rataya ne a wuyan hukumomi, irin su Cibiyar Bincike da Maganin Ciwon Daji ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2023, da asibitocin koyarwa, da ƙungiyoyin likitoci da na masu haɗa magunguna.

Inda gizo ke saƙa

Wajibi ne a faɗi iyakar abin da gwajin ya nuna. A asibiti ɗaya aka yi shi, a kan mutanen da ba su da yawa, masu nau'o'in ciwo ƙalilan, kuma na mako 12 ne. Nau'o'in da suka fi yawa a Nijeriya, na mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza, ba su cikin waɗanda aka gwada. Ƙarin nauyi a sikeli kuma bai tabbatar da cewa tsoka ce ta dawo ba, yana iya zama kitse. Haka nan gwajin bai nuna cewa masu shan maganin sun fi daɗewa a duniya ba, kuma maganin ba ya taɓa ƙarin kansa ko kaɗan. Wannan batu na ƙarshe yana da muhimmanci a wurinmu, domin mara lafiya ya fara cin tuwo ya yi kumatu, sai dangi su ce an sami sauƙi, a daina zuwa asibiti a adana kuɗi. Wannan kuskure ne mai tsada.

Sai illolinsa. Ko a ƙaramin awo yana iya sa barci da jiri da bushewar baki da taurin bayan gida, shi ya sa aka fi shan sa da dare, kuma wanda ke tuƙi ko aiki da inji sai ya yi hattara. Mai ciwon sukari sai an riƙa auna jininsa. Tun 2005 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi mai ƙarfi cewa wannan rukuni na magunguna na ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu ruɗewar tsufa. Haɗa shi da magungunan barci, ko masu ƙarfi na kashe zafi, ko wasu na hana amai, abu ne da sai likita ya auna. Akwai kuma abin da ya shafi wannan yanki musamman. Ciwon dajin hanta na cikin waɗanda likitocin Jos suka daɗe suna gani da yawa, saboda yaɗuwar cutar hanta nau'in B da kuma gubar fumfuna da ke kama gyaɗa da masara idan ba a adana su da kyau ba. Hanta ce ke sarrafa olanzapine, saboda haka wanda hantarsa ta riga ta lalace ba a ba shi sai da taka-tsantsan.

Wannan ya kawo mu ga kasuwar magani. A doka, olanzapine ba a sayar da shi sai da takardar likita, kuma masu ƙananan kantocin kemis ba su da izinin ajiye shi. Amma kowa ya san tazarar da ke tsakanin doka da abin da ke faruwa a bayan kanta. Idan mai karatu bai manta ba, sai da ta kai Gwamnatin Tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, kuma a 2024 hukumomi suka tilasta wa dillalan magani na Sabon Garin Kano komawa sabuwar cibiya a Dangwauro domin a iya sa musu ido. A ƙasar da ake da kasuwar ƙwayoyin ƙiba, ranar da labari ya bazu cewa akwai ƙwayar da ke sa ci da barci da kumatu, sai an yi da gaske kafin a hana ta shiga jerin sha-ka-fashe. Ƙwayoyin da suka fi yawa a kantuna na miligiram 5 ne da 10, wato ninki biyu da ninki huɗu na awon da aka gwada. Mai lafiya da ya ɗauki na 10 yana sha kullum domin ya yi jiki, ciwon sukari yake saye da kuɗinsa. Hukumar NAFDAC da Majalisar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Ƙasa suna da aiki a gabansu tun kafin abin ya zama yayi.

Matsala ta gaba kishiyar wannan ce. Iyali sun karɓi takarda daga likita, sun je kantin magani, mai kanti ko wani ɗan boko a gida ya karanta takardar da ke cikin kwali ya ce ai wannan maganin mahaukata ne. Nan take a jefar da shi, wataƙila har a zargi likita da ɓoye wani abu. Duk da cewa a watan Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta zamanin Turawa, tsangwamar da ake yi wa duk abin da ya shafi taɓin hankali tana nan a zukatan jama'a. Maganin wannan minti biyu ne na bayani daga bakin likita ko ma'aikaciyar jinya, a gaban majinyaci da wanda ke riƙe da kuɗin jinya, cewa magani ɗaya kan yi aiki biyu, kuma awon da aka rubuta rubu'in na masu taɓin hankali ne. A asibitin da likita ɗaya ke ganin mutane da yawa kafin azahar, minti biyun nan ma tsada gare su.

Wa zai biya, kuma me za a ci?

Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun jama'a yake fitowa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta wa kowa shiga tsarin, Jihar Filato ma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, amma masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa irin na Dilimi da Gangare da Katako akasarinsu suna waje. Asusun tallafa wa masu ciwon daji da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2021 ya soma ne da nau'o'i uku a asibitoci shida. A irin wannan yanayi, sanya olanzapine mai miligiram 2.5 cikin jerin magungunan da kantin asibiti ke ajiyewa a sashen ciwon daji, da sayo shi da yawa kai tsaye daga masu shigo da shi, mataki ne da ba ya buƙatar sabon gini ko bashin waje. Zai kuma rage zuwa kasuwa da fasa ƙwaya da reza, abin da ba ya ba da awo daidai.

Saura abu guda da ba a rubuta shi a takardar likita. Idan ciki ya buɗe, sai an sami abin zubawa. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a ƙasar nan ta haura kashi 40 cikin 100, a shekarar da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan Naira 70,000. Gidan da ya riga ya sayar da kadara domin kemo zai iya samun kansa da majinyaci mai neman ƙari da tukunyar da ba ta kai ba. A nan Filato tana da ɗan gata, domin ƙwai da madara da dankalin Turawa da kayan lambu na Farin Gada a kusa suke. Abin da masana abinci ke nema ga mai rama shi ne abinci mai gina jiki da maiƙo, kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, kuma kunun gyaɗa da awara da ƙwai da gwaten acca da aka sa wa wake ko kifi sun cika wannan sharaɗi a kan kuɗin da bai kai na gwangwanin madarar kanti ba. A gwajin Puducherry ma ba ƙwaya kaɗai aka bayar ba, kowane majinyaci sai da aka ba shi shawara kan abin da zai ci.

Irin wannan gwaji bai fi ƙarfin asibitocin koyarwa na Jos da Zariya da Kano ba. Abin da ya ci a Indiya shi ne marasa lafiya 124, da sikeli, da takardar tambayoyi, da mako 12, sai ƙwayoyin da idan aka tara na rukunin gaba ɗaya ba za su cika kwali guda ba. Idan aka yi shi a nan, za a iya shigar da mata masu ciwon mama da na bakin mahaifa, waɗanda su ne suka fi cika layin asibitocinmu, a kuma rubuta abin da kowane gida ya kashe daga ranar farko zuwa ta 84.